Jitar Buzaye da ta bi ta Sakkwato: zare kan Afrique Victime

1/ Jama'a, yau ba ƙwallo ba siyasa. Maganar wani kundin waƙa ce da ya fita a watan Mayun 2021, kuma har yau babu wanda ya ture shi a wayata: Afrique Victime na Mdou Moctar. Ku biyo ni.

2/ Duk wanda ya ce maka rock kiɗan Turawa ne zalla, kunna masa Chismiten, waƙar farko. Jita na kuka kamar za ta tsage sifika, amma karin yana shiga rai. Ka ji sau biyu, ka wuni kana gunguninsa.

3/ Mutumin Buzu ne ɗan jihar Tawa a Nijar, bahago kuma. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son harkar kiɗa. Wannan labarin kam mun san irinsa a Kano.

4/ Ga inda ya shafe mu. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Wato salon nanaye da wasunmu ke rainawa yana cikin tushensa.

5/ Ba kamfani ne ya fara yaɗa shi ba. Memori da Bluetooth ne, waya zuwa waya. A haka waƙarsa Tahoultine ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones na Sahel Sounds a 2011.

6/ Ni ma ba a Spotify na fara jinsa ba. A layinmu na Babban Giji ne, wajen wani Buzu mai gadi yana dafa shayi bayan Isha, waya na kiɗa a gefen mangal. Na ce, "Baba, wane ne wannan?" Ya ce, "Namu ne."

7/ Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti bakwai. Tana farawa a natse, ganga na ƙara sauri, sai jita ta ɓarke. Kuka ne kan zaluncin da ake wa Afirka. Ku tuna tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, talakan Nijar kuwa yana kwana a duhu.

8/ Amma ba duka tsawa ba ce. Tala Tannam a sanyaye take, irin wadda nake sawa idan na dawo daga BUK cunkoson Gyadi-Gyadi ya gama da ni.

9/ Abin da ke min ciwo: Matador, kamfanin Amurka, shi ya fitar da kundin. Ana cika zaure a Turai don a ji shi. Mu da muke makwabtaka da Buzaye daga Tarauni har Kurna, gadi da shayi kaɗai muka san su da shi.

10/ Nawa ne cikinmu ya san kalma biyar ta Buzanci? Su kuwa da yawansu Hausa suke mana magana kullum.

11/ Ba na ce ku ajiye Hamisu Breaker ko Ali Jita ba fa. Ku dai ba kundin nan dare ɗaya, waƙa tara ne kacal, ku saurara daga farko har ƙarshe ba tsallake. Ku dawo ku faɗa min wacce ta kama ku.