Kwana Biyar a Dalaba

A wajenmu, wanda ya goya jaka a baya ya kama hanya ko dai almajiri ne, ko ɗan ci-rani, ko maniyyaci irin na da. Tafiya don ganin ƙasa kawai mun bar wa Turawa, kamar dai ba littattafan malamanmu ne suka cika da labaran rihla ba. Wannan tunani ne ya sa a Disamban 2018, da aka yi hutun makaranta, na haɗa bargo da dardumar salla da buta cikin jaka ɗaya, na nufi Futa Jallo a ƙasar Gine.

Hanyar doguwa ce: Yamai, Wagadugu, Bamako, sannan Kankan. Ba zan gajiyar da ku da ita ba, sai dai in ce a Kurusa na tsallake kogin Isa yana ɗan matashi, ruwan da muke sha a Yamai ke nan kafin ya yi dogon zagayensa ta Tumbutu. Daga Mamu mota ta fara hawa, kilomita kamar 50, har muka iso Dalaba, garin da ke bisa tudu mai tsawon mita wajen 1,200.

Abin da ya fara tarbata shi ne sanyi. Mu da muke alfahari da hunturun Damagaram, sai ga ni da asuba ina tsoron taɓa ruwan buta, hazo ya rufe kwari, ladan yana kira ba ka ganin masallacin. Wannan sanyi ne ya jawo Faransawa suka mai da garin wurin hutawa da jinya. Wani masanin tsirrai nasu, Auguste Chevalier, ya dasa lambun gwaji a farkon ƙarni na 20, itatuwan da suke kira pin suna nan tsaye har yau. Akwai kuma zauren shawara na sarakunan gargajiya da aka gina a shekarun 1930, da zanen ƙasa a bango da daɓe. Masu yawon buɗe ido nan suke tsayawa, su ɗauki hoto, su wuce gangaren ruwa na Ditin.

Ni kuwa Fugumba ta kawo ni. Can ne ake naɗa wa Almamai rawani, ko da yake fadarsu tana Timbo. Daular ta kafu ne bayan jihadin Karamoko Alfa a shekarun 1720, wato kusan shekara tamanin kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma daɗe har Faransawa suka karya Almami Bokar Biro a Poredaka a 1896. Alhaji Umaru Futi ma, bayan zamansa a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Futa Jallo ya nufa kafin ya kafa Dingirai. Yaranmu sun san Napoleon a aji, amma kaɗan ne za su iya nuna Timbo a taswira, kuma laifin ba nasu ba ne.

Tun da na yi niyyar kwana biyar, na daina kasaru na koma cika salla, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada ga wanda ya ƙudurta zaman kwana huɗu. Wannan ya sa na zama ɗan sahu a wani ƙaramin masallacin unguwa, kuma ɗan sahu ba ya ɓoyuwa. A rana ta biyu wani dattijo ya kama hannuna bayan magariba ya kai ni gidansa. Aka kawo acca da nono, da lemu daga bayan ɗaki. Da ɗan Fulatancina da Faransancinsa muka yi ta lallaɓawa, har ya tambaye ni ƙasata.

Da na ce Nijar, sai ya ajiye cokali. Ya shiga ɗaki ya fito da hoton wani saurayi sanye da rigar ƙwallo.

Ya ce, “Ɗana, ka san Agadas?”

Na ce, “Na sani, baba.”

Ya ce, “Daga can ya kira mu na ƙarshe, shekara biyu ke nan. Ya ce gobe za su shiga mota.”

Na san abin da 2016 take nufi a wannan hanya. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a shekara mai bi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Waɗanda suka rage sai suka bar hanyar Dirku mai rijiyoyi suka riƙa ratsa Tenere ta inda babu ruwa, wasu kuma in sun hango sojoji su zubar da fasinja su gudu. An soke dokar a Nuwamban 2023, amma wannan bai dawo da kowa ba. Ban faɗa masa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Uwar yaron tana bakin ƙofa, ba ta jin Faransanci, fuskata kawai take karantawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ni da yaron hanya ɗaya muka bi, shi ya yi gabas ni na yi yamma, kowa da jakarsa a baya. Ni an shimfiɗa mini tabarma a gidan ubansa ba a tambayi sunana ba sai bayan na ƙoshi. Shi kuwa ya ratsa garuruwanmu, kuma na san yadda muke kallon irinsu a tasha: abin tatsa ga mai mota da mai shinge, abin zargi ga sauranmu. Alhali ɗan hanya da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, ko da mawadaci ne a garinsu.

Ranar da zan tafi dattijon ya raka ni tasha, ya cusa mini lemu a jaka har ta ƙi rufuwa, ya ba ni hoton. Da na dawo na kai shi wa wani limami a Agadas da ke hulɗa da ƴan Gine, ya nuna shi bayan Juma'a sau uku. Mutum ɗaya ya ce kamar ya taɓa ganin yaron yana aikin birkila a wata unguwa, amma bai yarda ya rantse ba. Haka na rubuta wa dattijon, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba.