Gadar Gishiri

Hausawan Adjamé ba kasafai suke cewa batir ba. Pil suke cewa, kamar 'yan'uwansu na Maraɗi da Damagaram, aro daga Faransanci. Asalin ma'anar kalmar tuli ne, domin a 1800 Alessandro Volta ya tula faifan tutiya da na tagulla bisa juna, ya raba su da ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri, lantarki ya gudana.

Wata ɗaliba, 'yar mai sayar da pil da tocila a Adjamé, ta girma tana ganin mahaifinta yana gwada faffaɗan pil ɗin nan mai bolt 4.5 da harshe: in ya ji tsami da ɗan cizo, da sauran ransa. A makarantarsu ta Treichville, wadda take ƙetare gadar Houphouët-Boigny kullum kafin ta isa, mita aka miƙa mata.

Aikin ranar shi ne haɗa pil irin na John Daniell, na 1836. Kofi biyu ne: sandar tutiya cikin ruwan sinadarinta, sandar tagulla cikin nata ruwan mai shuɗi kamar baba. Tsakaninsu takarda jiƙe da ruwan gishiri, ita ake kira gadar gishiri. Tutiya ce mai saki, tagulla mai karɓa. Littafi ya ba ta farko −0.76, ya ba ta biyu +0.34, tazararsu bolt 1.10.

Mitar ta nuna 0.87, da alamar ragi a gaba. Alamar ba ta da wuyar magani, wayoyi ne aka juya. Adadin ne ya ƙi motsi. Sauran rukunoni kuwa tuni sun rubuta 1.10 sun rufe littafi, har da waɗanda gadarsu ta bushe ƙayau, abin da ko kusa ba zai yiwu ba, domin in gada ta yanke mita ba ta da abin karantawa. Maki ake nema, kuma kowa ya san amsar da ke cikin littafi.

Abokan aikinta suka matsa mata ta bi sahu. Ita kuwa sandar tutiyar ta ciro, ta ga ta yi furfura. Wannan dusashewar da iska ke shafa wa ƙarfe kan shiga tsakaninsa da ruwan, ta rage abin da mita za ta gani. Ta goge ta da takarda mai kaushi har ta yi sheƙi, ta sake jiƙa gadar, ta mayar. Mita ta hau 1.06 ta tsaya.

"Malam, bai kai ba," in ji ta.

Malamin ya duƙa ya dubi mitar, ya tambaye ta ko ruwan kofunan biyu kaurinsu ɗaya, ko kuwa an tsarma na tagulla da ruwan famfo don ya ishi aji. An tsarma. Ya ce ta rubuta 1.06, ta rubuta dalilan biyu a ƙarƙashinsa, sannan ya wuce teburin gaba ya ɗaga busasshiyar gadarsu da yatsa biyu.