Daga Kogin Dilimi Zuwa Rairayin Bulatura

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Yaron da ya tashi a Jos, garin duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama, ba ya sanin hamada sai a littafi. Kalmomi irin su "dausayi" da "jigawa" haddace su kawai muke yi don cin jarrabawa. Ni dai ban ga ma'anarsu da idona ba sai a hutun Babbar Sallah na Disambar 2007, lokacin da mahaifinmu ya kwashe mu zuwa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi.

An kafa wannan gandu a 1991, kuma kashi uku ne: Chingurmi-Duguma a Jihar Borno, sai fadamun Bade da Nguru, da kuma Bulatura ta Ƙaramar Hukumar Yusufari, duka biyun a Jihar Yobe. Mu shida muka cika tsohuwar Peugeot 504 ta Baba bayan sallar Asuba, Inna ta ƙulle soyayyen naman layya da dambu a kwano. Muka bi ta Toro da Bauchi da Darazo, muka yi Azahar a Potiskum, sannan muka miƙe arewa ta Jakusko. Tun daga nan na lura duwatsu sun ƙare, itatuwa sun fara nisa da juna, goruba da ƙaya sun karɓe fili. Da almuru muka sauka gidan ƙanen Baba a Gashuwa.

Washegari Baffa ya kai mu bakin kogin garin, inda masunta ke ta harkarsu. Ya dubi Baba ya ce, "Yaya, ka san wani ɓangare na ruwan nan daga bayan gidanku ya taso?" Muka yi dariya, amma ba wasa yake yi ba. Kogin Dilimi da ya ratsa Jos yana zuba ne a Kogin Bunga, wanda a gaba ake kira Kogin Jama'are. Shi kuma ya haɗu da Kogin Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa har Tafkin Chadi. Baffa ya ƙara da cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke zuwa ta ɓangaren Haɗeja, don haka idon manoma da masunta da makiyaya yana kan abin da tsaunukan Filato suka aiko. A Dagona kuwa mun ga dubban tsuntsayen da ke gudo wa hunturun Turai, su ma wannan ruwan suka biyo.

A rana ta uku muka bar motarmu, domin ba ta iya yashi, muka hau hayar wata mai ja da ƙafa huɗu zuwa Bulatura. A nan na ga yadda ƙasa take idan babu kogi. Tuddan rairayi ne jere iya ganinka, wasu sun ɗara bene tsawo. Ƙanwata ta hau ɗaya da gudu, ƙafafunta na nutsewa, Inna na ta salati. Muna kaiwa ƙololuwa sai ga dausayi a ƙasa: kwari ne kore shar, da dabino da goruba da ɗan tafki, gefensa fari fat da kanwa. Ashe kanwar da ake saka wa miyar kuka a irin wannan wuri ake haƙo ta!

Wani dattijo Bamange da ke ban ruwa a lambunsa ya tarbe mu da Hausarsa mai karin Barebari. Ya nuna mana bishiyoyin dabinon da yashi ya binne har wuya, ya ce a da gonar mahaifinsa ce. Da ya ji daga Jos muke, sai ya ce wa Baba, "Malam, an ce ku har gajiya kuke yi da ruwan sama." Baba bai ce uffan ba. Jos takan sami kimanin milimita 1,400 a shekara, su kuwa da ƙyar suke ganin sulusin haka.

Daga 2009 rikicin Boko Haram ya sa irin wannan tafiya ta yi wuya, ban kuma sake komawa ba. Amma darasin bai bar ni ba. Duk wanda ya bi ta bakin Dilimi ya san yadda ake jibga masa shara da leda da baƙin mai, kamar ruwan ba shi da mai shi. Alhali yana da masu shi, tun daga masu lambun Farin Gada har masuntan Gashuwa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu tsaya ga haddace kalma, mu nemi ganin abin da take nufi da mutanen da ke rayuwa da ita. Mu kuma tuna cewa na sama da kogi amana ya riƙe wa na ƙasa. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.