Bayit Ba Ya Jiran Kowa

Rubutun wannan makon a kan abu ne da kusan duk wanda ya taɓa haɗa GPS ko modem da ƙaramin allo ya sha fama da shi: a kan teburi komai lafiya lau, bayanai na sauka tiryan-tiryan, amma da an saka na'urar cikin akwati ta fita aiki sai layuka su fara zuwa da giɓi, ko ta yi gum bayan wasu awanni. Sai a ɗora laifin a kan waya, ko batir, ko a ce kayan jabu ne. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma sau da yawa matsalar tana cikin yadda muka koya wa ƙwaƙwalwar allon sauraro.

Mu fara da lissafi, domin shi ne alƙali a nan. UART tana aika kowane bayit da bit goma: ɗaya na buɗewa, takwas na saƙo, ɗaya na rufewa. A gudun 9600, wanda shi ne gudun da NEO-6M ke zuwa da shi daga masana'anta, bayit 960 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, wato kowane bayit yana cin milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya. A gudun 115200 kuwa, maikurosakan 87 kacal ke tsakanin bayit da mai bi masa. Ita kuma STM32F103, wadda ke kan shuɗin allon nan mai araha da yawancinmu muka koyi aiki da shi, gurbin karɓarta bayit ɗaya tak yake ɗauka. Idan na biyu ya gama shigowa ba a ɗauke na farko ba, ta ɗaga tutar ORE, kuma abin da ya biyo baya ya tafi ke nan. Mai aikowa bai san an yi asara ba, ba zai maimaita ba.

Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce leƙe-leƙe: a zagaya, a duba ko an samu bayit, a koma wani aikin, a sake dawowa. Idan allon ba shi da wani aiki sai wannan, ba laifi. Amma da zarar ka ɗora FreeRTOS ka raba ayyuka, ɗaya na GPS, ɗaya na modem, ɗaya na auna batir, to mai rabon lokaci ne ke da iko da wanda zai yi aiki yanzu. Ka sa aikin GPS ya huta milisakan goma tsakanin leƙe da leƙe, bayit kusan goma sun zo ƙofa, ɗaya ka samu. Ka cire hutun ka ba shi babban matsayi, ya cinye lokacin kowa, sauran ayyukan su zauna da yunwa. Gaba kura, baya sayaki.

Na ga illar wannan da idona a kan wasu na'urorin bibiya da wani dattijo a unguwarmu ya sa aka haɗa masa. Adaidaita sahu huɗu gare shi da yake bayarwa ana kawo masa balas, kuma an taɓa gudu da guda ɗaya, shi ya sa ya biya wani ya saka masa abin da zai riƙa nuna inda suke. Ya zo min da wayarsa ya ce, "Yaro, duba min nan. Wannan keken yanzu na rabu da shi a bakin Kantin Kwari, amma abin nan ya ce wai yana cikin teku." Na ce, "Baba, bari in gani." Da gaske ɗigon yana tsakiyar ruwa, can ƙasa a mashigin tekun Gini.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. GPS tana magana da layukan NMEA, kowanne ya fara da alamar $, ya ƙare da komawa sabon layi, tsawonsa bai wuce haruffa 82 ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa, don haka lambar kan zo kamar 1200.12345, biyun farko digiri, sauran mintuna. Sifiri ɗaya ya faɗi a hanya, ta koma 120.12345, manhajar ta karanta digiri 1 da minti 20. Keke ya bar Kwari ya faɗa teku. Abin haushin shi ne kowane layi yana ɗauke da lambar tantancewa a ƙarshensa, bayan alamar tauraro, wadda da an duba ta da an jefar da gurguwar jimlar. Wanda ya rubuta manhajar bai duba ba, kuma da leƙe-leƙe yake karɓa. Ɗigo a teku abin dariya ne. Ranar da aka sake gudu da keke kuma na'urar ta yi shiru, ba mai dariya.

Maganin shi ne abin da nake kira katse-hanzari. Maimakon ƙwaƙwalwar ta riƙa zuwa ƙofa tana leƙe, sai ita UART ɗin ta buga ƙararrawa idan bayit ya iso. Nan take ƙwaƙwalwar ta ajiye abin da take yi, ta shiga ɗan gajeren aikin amsa ƙararrawa, ta ɗauke bayit ɗin, ta koma inda ta tsaya. A Cortex-M3 shigar nan tana cin bugun agogo 12 ne kawai. Allon yana gudu a megahaz 72, wato tsakanin bayit da bayit a 115200 kana da bugu sama da dubu shida. Lokaci isasshe ne, muddin mai amsa ƙararrawar bai zauna hira a bakin ƙofa ba.

To a nan ne mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Mai amsa ƙararrawa aikinsa uku ne: ya karanta bayit, ya ajiye shi, ya fita. Ba ya fassara NMEA, ba ya lissafin nisa, ba ya jira, kuma don Allah ba ya kiran printf. Layi ɗaya mai haruffa arba'in da ka buga daga cikinsa a 115200 zai riƙe ka milisakan uku da rabi, bayit uku na GPS sun zo sun tarar ba kowa. Sai ka ga mutum ya saka printf don ya gano inda bayit ke ɓacewa, alhali printf ɗin ke ɓatar da su.

Inda ake ajiyewar shi ne rumbu mai kewaye. Jeri ne na, a ce, bayit 256, da alamomi biyu: kai, wanda mai amsa ƙararrawa kaɗai ke turawa gaba idan ya zuba, da wutsiya, wadda aikin GPS kaɗai ke turawa idan ya ɗiba. Idan aka kai ƙarshen jerin sai a zagayo farko. Tunda mai zubawa ɗaya ne, mai ɗiba ɗaya, kuma kowa alamarsa yake taɓawa, ba a buƙatar makulli. Girman rumbun ma lissafi ne, ba cinta-cinta ba. Bayit 256 a 9600 suna cika cikin kusan rubu'in daƙiƙa, don haka tambayar ita ce: akwai lokacin da aikin GPS zai yi rubu'in daƙiƙa bai samu dama ba? Idan akwai, ƙara rumbun ko ka ɗaga matsayin aikin. Ka dai tuna kilobayit 20 ne duka ma'adanar aikin wannan allon, kowa daga ciki yake ci.

Sai batun tada mai ɗiba. Misalai da yawa a intanet suna tura kowane bayit ta xQueueSendFromISR. Yana aiki, amma ni ban so shi ba: kamar a aiki yaro kasuwa sau tamanin ne, kowace tafiya ya sayo ƙwayar gero ɗaya. Abin da nake yi shi ne in bar bayit su taru a rumbu, sai an ga alamar ƙarshen layi sannan a taɓa aikin GPS da vTaskNotifyGiveFromISR, a bi da portYIELD_FROM_ISR domin in shi ne mafi matsayi ya tashi nan take, kada ya jira bugun agogon tsarin na gaba. Kafin nan yana barci, bai ci wa kowa lokaci ba. Wanda ba ya son rubuta rumbunsa, tun siga ta 10 da ta fito a 2017, shekarar da Amazon ta karɓi riƙon FreeRTOS daga hannun Richard Barry, akwai xStreamBufferSendFromISR da aka yi don irin wannan aikin, mai zubawa ɗaya mai ɗiba ɗaya.

Akwai tarko biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko lambobin matsayi. A ayyukan FreeRTOS babbar lamba ita ce babban matsayi. A ƙararrawar Cortex-M kuwa akasin haka ne, sifiri ne sarki, 15 ne talaka a STM32. Duk ƙararrawar da ba ka ba ta lamba ba, sifiri take, wato sama da iyakar da configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY ya gindaya, wadda CubeMX kan sa a 5. Ƙararrawar da ke sama da iyakar nan ba ta da izinin kiran komai na FreeRTOS, ko da mai FromISR ne. Idan ta kira, ba lallai allon ya faɗi yau ba. Zai iya yin kwana uku lafiya, ran na huɗu ta shigo daidai lokacin da tsarin ke gyara jerin ayyukansa, komai ya rikice. Ku kunna configASSERT tun ranar farko, shi zai kama wannan a kan teburi.

Na biyu ya shafi masu amfani da HAL. Idan ORE ta tashi kana karɓa ta HAL_UART_Receive_IT, HAL tana ɗaukar abin a matsayin babban kuskure: ta dakatar da karɓa, ta kira HAL_UART_ErrorCallback, ta zuba maka ido. Idan ba ka rubuta komai a ciki da zai sake kunna karɓar ba, UART ta kurumce har sai an kashe an kunna. Fitila na ƙiftawa, modem na kan layi, amma wuri ɗaya ake ta aikowa tun safe.

Modem ɗin ma, irin SIM800L, dole sai da katse-hanzari, domin yana magana ba tare da an tambaye shi ba: RING idan kira ya shigo, +CMTI idan saƙo ya sauka, har a tsakiyar jiran amsar wani umarnin. Wajen aika masa kuma, ayyuka biyu suka rubuta lokaci guda, umarnin AT ɗinsu ya cakuɗe. Ana iya sa makulli, amma a yi da xSemaphoreCreateMutex, wanda ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa. Rashin wannan aron ne ya sa kumbon Pathfinder ya riƙa kashe kansa yana tashi a duniyar Mars a watan Yulin 1997: ƙaramin aiki ya riƙe makulli, matsakaita suka hana shi sakat, babban aiki ya yi ta jira har mai gadin tsarin ya sake kunna komai. VxWorks ce a kansa, kuma daga nan duniya aka aika gyaran. Ni dai na fi son aiki ɗaya ya mallaki modem, sauran su miƙa masa saƙonsu ta layi.

A na'urorin dattijon nan abin da na yi ke nan: rumbu ga kowace UART, tadawa a ƙarshen layi, duba lambar tantancewa, da sake kunna karɓa idan an samu kuskure. Na kuma ƙara ƙidaya biyu, sau nawa ORE ta tashi da sau nawa rumbu ya cika, na sa na'urar tana haɗa su cikin rahoton da take aikowa. Wannan ƙidayar ta fi min kowace irin fitila amfani, domin tana faɗa min halin da allon ke ciki yana kan titi.

Wani zai ce me ya hana DMA? Ba abin da ya hana. Ɗan dako ne da ke kwashe bayit zuwa ma'adana ba tare da damun ƙwaƙwalwa ba, kuma in ka haɗa shi da ƙararrawar IDLE, wadda ke bugawa idan layin ya yi shiru na tsawon bayit ɗaya, sau ɗaya za a katse ka a kowane tarin saƙo. Idan gudun ya haura 115200 ko UART uku na aiki tare, shi zan ɗauka. Amma ga GPS a 9600, ƙararrawar da ba ta kai dubu ba a daƙiƙa ba ta isa ta sa allon gumi ba, kuma rumbu mai sauƙi ya fi daɗin bincike idan abu ya lalace. Masu ESP32 kuwa an riga an yi muku rabin aikin: UART ɗinta tana da layin jira na bayit 128 a jikinta, kuma uart_driver_install tana kafa ƙararrawar da rumbun da kanta. Girman rumbun ne aka bar muku ku zaɓa, lissafin kuma shi ne dai wanda muka yi a sama.