Abinci Kafin Wa'azi

Kongolam gari ne na kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'adua, cikin masarautar Daura. Titin da ya taso daga Daura ta nan yake ƙetarawa zuwa Ɗan Barto, ya wuce Matamaye, ya nufi Damagaram. Arzikin irin wannan gari yana ɗaure ne da motsin mota. Shi ya sa da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, mai shayi da mai faci da ɗan dako duk suka ji a jikinsu. Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, sai ya zama an fama tsohon gyambo.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani direba Bahaushe Kirista, wanda asalinsa daga yankin Malumfashi ne. Ya shekara goma sha wani abu yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Damagaram. Kafin rufewar farko ya yi hatsari, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, ɗorin bai zauna daidai ba, ƙafar ta gajarce, ciwo kuma ya samu wurin zama a ƙugunsa. Kafin ya miƙe an rufe iyaka, sai ya sayar da motar aka ci abinci da kuɗin.

Yana da yaron mota, Musulmi ɗan garin, wanda shi ya koya wa riƙe sitiyari. Yaron nan ya koma jigila tsakanin Daura da Kano, Allah ya buɗa masa, har ya mallaki mota biyu. Bai manta da maigidansa ba. Duk ƙarshen wata yakan zo ya durƙusa ya ce, "Maigida, ya jiki?" ya ajiye kwanon shinkafa da ɗan kuɗin cefane. Da ya fita sai direban ya juya fuskarsa ga bango. Wata rana ya ji ƙarar sabuwar motar tana tashi daga ƙofar gida, ya tsinci zuciyarsa tana fatan ta kife. Wannan tunani ya fi ƙafar yi masa ciwo, domin bai taɓa sanin akwai irinsa a cikinsa ba.

Bahaushe yana da magana mai daɗi ga wanda ake yi wa hassada: hassada ga mai rabo taki ce. Kowa kuwa yana ganin kansa a matsayin mai rabon. Idan kasuwa ta tsaya sai a ce baki ne, idan ciwo ya ƙi warkewa sai a ce sammu ne ko hannun maƙiya. A masallaci da majami'a ana roƙon tsari daga mahassada, amma da wuya a ji mai cewa shi ne mahassadin. Mutumin da ya gano wannan a zuciyarsa ba shi da karin maganar da zai jingina da ita, ba shi kuma da wanda zai faɗa wa. Haka direban ya yi shiru. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga, ya daina zuwa sujada a Daura ranar Lahadi, ya daina ko aske gemu. Masu zuwa dubiya daga majami'a suka yi ta cewa ya ƙara bangaskiya, wasu suka ce ya yi azumin kwana uku. Kowace shawara ta ƙara tabbatar masa cewa shi mai laifi ne.

A hunturun da ya biyo bayan rufewa ta biyu, yayarsa ta taso daga ƙauye ta zo. Gwauruwa ce, ta daɗe cikin zumuntar mata, karatunta bai wuce na Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi ba. Ta shiga ɗakin, ta dube shi, ba ta buɗe littafi ba. Ta share ɗakin, ta ɗaga labule, ta dama kunun tsamiya ta miƙa masa. Ya ce ba ya jin yunwa. Ta ce, "Auta, ban tambaye ka yunwa ba. Sha." Kwana uku tana haka, daga kunu sai tuwo, sai ruwan zafi na gasa ƙugu, ba wa'azi ko kaɗan.

A dare na huɗu shi da kansa ya tambaye ta, "Yaya, ba za ki yi mini faɗa ba ne?" Sai ta tuna masa da labarin Iliya, wanda ke cikin littafin Sarakuna na fari, sura ta 19. Annabi ne da ya ga ikon Allah a Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta yi masa barazana ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace, ya roƙi mutuwa. Ba a tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake ciyar da shi. Sai bayan tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb aka tambaye shi abin da ke damunsa, sannan aka ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Ta ce, "In Allah ya fara da abinci, ni wace ce da zan fara da faɗa?"

Nan ya fashe da kuka, ya faɗa mata maganar motar da abin da zuciyarsa ta yi fata. Ya zaci za ta yi salati ta ja da baya. Sai ta buɗe Zabura ta 73 ta karanta masa. Asaf, mawaƙin ɗakin sujada, shi ne ya furta a can cewa saura kaɗan ya zame saboda ƙyashin masu wadata, har ya ga kamar tsarkake zuciyar da ya yi aikin banza ne. Ta ce da shi, "Ka ga, an rubuta irin ciwonka a cikin littafin addu'a, ana kuma karanta shi a gaban jama'a. Bambancinka da Asaf ɗaya ne. Shi mugaye ya yi wa ƙyashi, kai kuwa yaron nan bai yi maka komai ba sai alheri. Don haka za mu roƙa masa albarka, da sunansa, ko bakinka bai so ba."

Addu'ar da ta yi gajeriya ce. "Ya Ubangiji, ga ɗanka, ka san ƙafarsa, ka san zuciyarsa. Ya yi ƙyashin wanda ka albarkata, bai ɓoye maka ba, ka gafarta masa. Ka kiyaye yaron nan a kan hanya, ka ƙara masa. Ka ba ƙanena barcin daren nan da abincin gobe, ka nuna mana likitan da zai taimake shi. Cikin sunan Yesu Almasihu." Ya daɗe kafin ya ce amin, amma ya ce.

Roƙon nan na likita yana da tushe a tarihin ikkilisiya a ƙasar Hausa. Mishan ɗin SIM, wanda ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya yi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, ya kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Mutanen da suka kawo Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, ba su ga saɓani tsakanin durƙuso da allura ba. Likitoci kuma suna da suna ga halin da direban ya shiga, wato ciwon tsananin damuwa. Alamominsa su ne baƙin ciki da rashin sha'awar komai na tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da ci, da yawan ganin laifin kai, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Ciwon jiki mai daɗewa da rashin sana'a suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Yana da magani, na sha da na tattaunawa, sai dai na shan yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta shiga ɗakin da aka rufe labule. Sai an samu wanda zai shiga ya kamo hannun mai ciwo.

Da za a tafi asibiti a Katsina, ba kuɗin mota. Yayar ba ta yi shawara da shi ba, ta aika aka kira yaron motar. Ya zo da sassafe, ya cire fasinjan gaba, ya zaunar da maigidansa a gefensa. Sun wuce Daura kafin wani ya yi magana. Can sai direban ya ce, "Kana saurin sake kuloci." Yaron ya yi dariya ya ce, "Maigida, ai tun da can haka kake cewa."

Ƙafar ba ta koma daidai ba, likitoci sun ce aikin da za a yi mata ya fi ƙarfin aljihunsa. Manzo Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, ya ci gaba da aiki da ita. Direban yana shan maganinsa, akwai ranakun da har yanzu yake tashi da nauyin zuciya. Bayan da aka ba da umarnin buɗe iyakar a watan Maris na 2024, yaron ya sa shi kula da lodi da lissafin motocinsa a tasha, yana zaune a benci da littafi da biro. Kafin yayar ta koma ƙauye ta bar masa aiki guda: kowace safiya, in motar farko za ta tashi, ya ambaci sunan mai ita a gaban Allah. Wata rana yakan yi da zuciya ɗaya, wata rana da ƙyar, amma bai taɓa tsallake rana ba.