Awo kafin gyara: abin da injin wasa ya koya mini

Masu iya magana kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan karin magana ya daɗe a bakina, amma ban ga zurfinsa ba sai da na fara karanta yadda ake ƙera wasannin da ɗalibanmu ke bugawa a waya.

A nan Cadawa, galibin wayoyin da ke hannun matasa masu sauƙin kuɗi ne, irin su Itel da Tecno. In wasa ya yi nauyi, hoto ya riƙa tsinkewa, wayar ta ɗau zafi, caji ya ƙare tun kafin azahar. Yaro ya ɗora wa wayarsa laifi, alhali sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Kowane wasa yana tafiya ne bisa wata manhaja da ake kira injin wasa, kamar Unity, Unreal ko Godot. Domin motsi ya tafi sumul, ana so a nuna hoto 60 a daƙiƙa guda. Ke nan ƙwaƙwalwar na'ura tana da kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa ta lissafa gudun ƙwallo, da karon motoci, da dabarun abokan gāba. In ta wuce wa'adin, ido zai gane. Shi ya sa waɗannan injina ke zuwa da ma'auni, mai rubuta lokacin da kowane aiki ya ci, ɗaya bayan ɗaya.

Ga misali. Wasan GTA Online ya fito a 2013, kuma shekara da shekaru mutane na kukan daɗewarsa kafin ya buɗe. A 2021 wani mai laƙabin t0st ya gaji da jiran kusan minti 6, ya sa ma'auni. Sai ya tarar wasan na karanta jerin kayayyaki wajen 63,000, kuma duk lambar da zai karanta sai ya sake ƙirga tsawon rubutun har ƙarshe. Da ya toshe wannan da wata ɓaraka guda, jiran ya ragu da kashi 70 cikin 100. Kamfanin Rockstar ya amsa gyaran, ya ba shi dala 10,000.

Tun a 1967 Gene Amdahl, masani a Amurka, ya bayyana ƙa'idar: aikin da ke cin kashi 5 cikin 100 na lokaci, ko ka shafe shi ɗungurungum, kashi 5 ɗin kawai ka tsira da shi. Haka kuma, sau da yawa jira ke cinye lokaci, domin ɗauko bayani daga babbar ma'ajiya ya fi lissafin kansa tsada. Macen da ke zuwa rumbu domin zangarniya ɗai-ɗai ba za ta gama sussuka da wuri ba. Mai dabara dami take ajiyewa kusa da turmi. Gwanayen injin wasa ma haka suke jera bayanai kusa da juna.

Me ya kawo malamin Faransanci da Hausa cikin wannan zance? Ina fata wata rana ɗalibanmu su zuba dara da langa da tatsuniyoyin Gizo cikin waya, kamar yadda Kiro'o Games na Kamaru suka fitar da Aurion a 2016. Wanda zai yi wa ƴan Cadawa da Gazawa da Gidan Rumji wasa ba shi da wayar attajiri da za ta rufa wa sakacinsa asiri. In bai iya awo ba, ƙannensa ma ba za su iya buga abin da ya ƙera ba.

Saboda haka, ƴan uwana malamai, mu saba wa yara da tambayar «nawa ne, kuma yaya ka auna?» kafin su ce «ga mai laifi». Ba sai da kwamfuta ake fara wannan ba. Agogo da allo sun isa.