Ciniki Daban, Riba Daban: Haraji da Masu Sana'ar Cikin Gida

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, aka kuma ce za su fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, hankalin masu ƙananan sana'o'i bai kwanta ba. A Jega da Aliero da Maiyama, inda nake yawan zirga-zirga, jita-jitar da ta fi yaɗuwa ita ce wai duk kuɗin da ya faɗa asusun mutum gwamnati za ta yanki rabonta. Har ta kai wasu na roƙon masu tura musu kuɗi su rubuta cewa kyauta ce. Ni ma'aikacin jami'a ne, kafin albashi ya iso hannuna an riga an cire haraji, saboda haka ba kaina nake ji ba. Waɗanda nake ji su ne matan da ke sana'a daga cikin ɗakunansu: masu atamfa da leshi, masu turaren wuta da humra, da wakilan kamfanonin da ke raba man shafawa da magungunan ƙarin lafiya gida-gida.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce. Dillaliyar da muka tashi muna gani da ƙullin kaya a ka ita ce ta koma WhatsApp. A da cinikinta a bakin zane yake ƙarewa, yanzu kuwa kowace naira tana barin sawu a banki.

Ga abin da dokar ta ce a taƙaice. Mai zaman kansa riba ake yi wa haraji, wato abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin da aka kashe domin sana'ar kaɗai. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18. Harajin ɗaiɗaikun mutane na jihar da mutum ke zaune ne, don haka mu nan hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kebbi ce ke da hurumi, kuma ana son kowa ya gabatar da bayanin abin da ya samu kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da ke biye.

Ina da ƙanwa da ke aure a Maiyama, tana sayar da atamfa da mayafai. Da ta ji wannan batu ta kira ni a ruɗe, ta ce, "Yaya, kuɗin da suka ratsa asusuna bara sun haura miliyan biyar, ni kuwa ban ga abin da na tara ba." Muka zauna da bayanan banki da ɗan littafin da take rubuta masu bashi. Da muka ware kuɗin adashe, da na cefane da maigidanta ke turowa, da gudummawar bikin 'yar'uwa da aka tara ta hannunta, ainihin ciniki ya tsaya a kan miliyan 4. A ciki, miliyan 3.1 kuɗin sari ne da ya koma Kantin Kwari a Kano. Kuɗin motar da ke sauke kaya a tashar Jega, da na ɗan kabu-kabun da ke kai wa masu saye, da leda, da data, da 'yan kuɗaɗen da banki ke cira, suka lashe kusan 300,000. Abin da ya rage mata a shekara guda cur naira 600,000 ne, wato 50,000 a wata. A doka ko sisi ba a bin ta. Amma da za a ɗauki miliyan 4 ɗin nan a matsayin samu, harajin zai kai 510,000, kusan duk guminta ke nan. Abin da ya raba lissafin biyu takarda ce kawai, domin inda babu rubutu doka ta ba jami'in haraji damar yin kintace, kuma mai kintace ba ya ganin kuɗin mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne gida da sana'a a tukunya ɗaya suke. Wayar da take tallata kaya da ita, da ita take gaisawa da dangi. Firjin mai ƙanƙara da zoɓo shi ke ajiye naman miya. Irin wannan kashe-kashe sai an raba shi bisa gaskiya, a ɗora wa sana'a rabonta kaɗai. Turmin atamfar da aka ɗauka aka ɗinka wa yara kayan Sallah kuwa ba ɗawainiyar kasuwanci ba ne, cin uwar kuɗi ne, kuma shi ya fi kashe irin waɗannan sana'o'i tun kafin wani jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Wakilan kamfanoni lamarinsu ya fi rikitarwa. Ina da ɗalibai mata a Aliero da ke wannan harka, suna alfahari da la'adar da ake turo musu duk wata. Idan na tambaye su nawa suka kashe wajen sayen kayan da aka wajabta musu don kada su rasa matsayinsu, da kuɗin rajista, da motar zuwa taro a Birnin Kebbi ko Sakkwato, sai a yi shiru. Kwalayen da ke jibge a ƙarƙashin gado ba su zama kuɗi ba tukuna, wasu ma wa'adinsu zai ƙare a nan. A ganina da yawansu asara suke yi suna kiranta riba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar ajiye lissafi kamar wata al'adar Turawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Malamanmu na Malikiyya kuma sun daɗe da bayyana cewa ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum zai ƙiyasta hajarsa sau ɗaya a shekara domin fitar da zakka. Wadda ba ta san jarinta ba, da me za ta gane ko ta kai nisabi? Littafin makaranta mai shafi 60 ya isa: shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, da kwanan wata. A ƙara da asusu na daban domin ciniki, da ajiye hoton kowace shaidar biya.

Sai dai nauyin ba a kan matan kaɗai yake ba. Dokar da Turanci aka rubuta ta, takardun cikewa ma haka, mafi yawan waɗanda nake magana a kansu kuwa da Hausar boko ko ajami suke rubutu, wasu kuma ba sa fita sai da lalura. Ina kira ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ta fito fili ta faɗa, a rediyo kuma da Hausa, cewa za ta karɓi lissafin da aka rubuta da Hausa ko ajami. Ta fitar da takardar cikewa mai shafi ɗaya, ta kuma sanya mata cikin jami'an da za su zagaya makarantun Islamiyya na matan aure a Jega da Aliero da Maiyama, tun kafin watan Maris ya zagayo.